Rijiya ɗaya suka sha, me ya sa mutum biyu kawai suka kwanta?

Wata ma'aikaciyar lafiya da ke aiki a asibitin sha-ka-tafi a wani ƙauye na ƙasar Daura ce ta aiko da tambayar. Ta ce cikin damina aka kawo mata mutum biyu daga gida ɗaya da amai da gudawa, alhali mutanen gidan gaba ɗaya rijiya ɗaya suke ɗiba, randa ɗaya suke sha. Da aka kai bayan gidansu gwaji, sai aka samu ƙwayar kwalara har a na maigidan, wanda lafiyarsa lau, kullum yana gona. Shi ne take tambaya: ƙwayar ce ke da mai zafi da marar zafi, ko jikin mutane ne ya bambanta?

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba marasa lafiyan sauƙi. Abubuwa biyun da kika kawo duk suna da hannu. Sai dai akwai na uku, wanda ba a cika tsayawa a kansa ba a makarantun koyon aikin lafiya, kuma a nan zan fi daɗewa. Ita wannan ƙwayar ɗaya, ba tare da ta canja iri ba, halinta a rijiya daban, halinta a hanji daban, na ranar da ta shiga daban da na ranar da za ta fita. Kayan cutarwarta suna tare da ita a koyaushe, amma ba koyaushe take aiki da su ba.

Bari mu fara sallamar ɓangaren jikin mutum, tunda kin san mafi yawansa. Wanda ya sha moɗa ɗaya ba daidai yake da wanda ya yini yana sha ba. Asid ɗin tumbi kuma yana kashe ƙwayar kwalara ƙwarai. A gwajin da aka yi da masu sa kai a Amurka a shekarun 1970, sai mutum ya haɗiyi kamar ƙwaya miliyan 100 ko fiye kafin ya kamu. Da aka ba su sinadarin bakabonet ya kwantar da asid ɗin, irin sinadarin da ke cikin kanwa, sai adadin ya sauko tsakanin dubu 10 da miliyan 1. Shi ya sa mai shan maganin olsa kullum ya fi zama cikin haɗari. Mai rukunin jini na O, in ya kamu, ya fi galabaita. Wanda ya taɓa yi a baya, ko jaririn da nonon uwa kaɗai yake sha, yana da kariya. Kuma mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga cikinsu ba sa nuna alamar komai, sai dai suna fitar da ita a bayan gida tsawon kwana 1 zuwa 10. Maigidan da kika faɗa yana cikin mafi rinjaye ne, su biyun da suka kwanta su ne 'yan tsiraru.

Yanzu ita ƙwayar. Bakteriya irin ta kwalara tana da ƙwayoyin gado kusan 4,000, kowace ɗaya rubutaccen umarni ne na yadda za a ƙera wani furotin. Ba a karanta su duka a lokaci guda. A gaban kowane umarni akwai wani ɗan wuri da wasu furotin na musamman ke zama, ko dai su buɗe hanyar karatu ko su toshe ta. Su kuma waɗannan furotin suna jin abin da ke kewaye: ɗumi, gishiri, asid, iskar oksijin, irin abincin da ke wurin. Turawan Faransa biyu, François Jacob da Jacques Monod, su suka fara fito da wannan tsari fili a 1961, da suka nuna cewa E. coli, wata bakteriya da ke zama a hanji, ba ta ƙera kayan narkar da sukarin madara sai in akwai sukarin a wurin. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1965. Daga baya aka gane cewa dafi da sauran kayan cutarwa ma haka ake kunna su, haka ake kashe su.

Dalilin tsumulmular a bayyane yake. Ƙera dafi da ƙananan alluran da wasu bakteriya ke soka wa tantanin jiki yana cin ƙarfi, kuma ƙwayar da ke ƙera su a cikin rijiya, inda babu wanda za ta cuta, 'yan'uwanta za su riga ta hayayyafa. Sannan duk abin da ta fito da shi a bayanta, garkuwar jiki na iya gani. Ki duba manomin Sandamu ko Zango a farkon damina. Iri yana nan a rumbu tun kaka, amma yayyafin farko ba ya sa shi shuka. Sai ya tona ƙasa da hannu ya ga iya inda ruwa ya ratsa, ya dubi gabas, ya lissafa watan da ake ciki. In alamomin sun haɗu, ya fita da sungumi. Haka ƙwayar nan take, alama ɗaya ba ta ishe ta ba.

Asalin gidan Vibrio cholerae, wato ƙwayar kwalara, ruwa ne, musamman bakin teku da inda kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri, tana manne da ƙananan halittun ruwa masu ɓawo. Tana da rukuni sama da 200, amma biyu ne kawai, O1 da O139, suke tada annoba. Nan ne amsar rabin farko na tambayarki: e, akwai masu dafi, akwai marasa shi. Abin mamakin shi ne umarnin ƙera dafin ma ba nata ba ne tun asali. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka nuna cewa wani bairos ne mai kama bakteriya yake shiga ya dasa shi a cikin kayan gadonta. Irin da ke yawo a duniya yanzu, wanda ake kira El Tor, ya taso daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya a 1961, ya iso Afirka ta Yamma a 1970, kuma tun daga nan bai bar mu ba. A 2021 kaɗai an lissafa sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, Katsina na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa.

To, a ce ta tsallake asid ɗin tumbi ta faɗa ƙaramin hanji. Abu na farko da take ji shi ne ɗumi. Umarnin ƙera wani furotin mai suna ToxT, a ruwan sanyi, a naɗe yake ta yadda ba ya karantuwa. Ɗumin jiki na digiri 37 ne ke warware shi. Abu na biyu, ruwan matsarmama. A fatar ƙwayar akwai furotin biyu, ToxR da TcpP, rabinsu a waje rabinsu a ciki, kuma wani gishiri da ke cikin ruwan matsarmama yana sa TcpP ya fara aiki. Su biyun ne ke haɗuwa su buɗe ToxT. Shi kuwa ToxT shi ne mai ba da umarni na ƙarshe. Shi ke kunna wasu siraran zarurruka da ƙwayoyin ke riƙe juna da su su manne a bangon hanji, shi ke kunna dafin.

Amma ko an ƙera ToxT, ba nan take yake aiki ba, kuma wannan wurin ne ya fi burge ni a duk labarin. A tsakiyar hanji, inda abinci ke wucewa, akwai wasu nau'o'in kitse a cikin ruwan matsarmama da ke shiga jikin ToxT su hana shi kama wurinsa. Saboda haka a nan ƙwayar iyo kawai take yi da wutsiyarta, ba ta zubar da dafi a banza. Sai ta ratsa yauƙin da ya lulluɓe bangon hanji ta kusanci tantanin jikin. A can kitsen ya ragu, bakabonet da bangon ke fitarwa ya yi yawa, shi kuma bakabonet ƙarfafa ToxT yake yi. Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu ba ta kai milimita ɗaya ba, amma ta ishi ƙwayar ta bambanta "ina kan hanya" da "na iso".

Mu da ke aiki a lab mun san wannan da hannunmu. Ki shuka bayan gidan mai kwalara a farantin TCBS da ake rainon ƙwayar a kansa, shi kore ne, kashegari ki ga ɗigo-ɗigo rawaya masu sheƙi sun fito. Wannan ya gaya miki tana nan. Bai gaya miki abin da take yi ba. In kika ɗauki El Tor ɗin nan kika zuba a ruwan shuka na yau da kullum, za ta cika kwalba ta yi duhu amma dafin da za ta ba ki kaɗan ne ƙwarai. Sai an yi mata dabara, a sa bakabonet, a bar ta a tsaye wasu sa'o'i ba girgizawa, kafin ta yarda cewa a hanji take. Don haka takardar sakamako da ta ce "an samu" a kan maigida da kuma a kan ɗansa da ke kwance, kalma ɗaya ce a kan al'amura biyu.

Dafin kansa, wanda likitan Indiya Sambhu Nath De ya tabbatar da samuwarsa a Kalkata a 1959, ba ya kashe tantanin hanji, ba ya yin rauni. Shi ya sa babu jini, babu zazzaɓi. Yana shiga ne ya maƙale wani makunni a buɗe, sai tantanin ya yi ta tura gishiri cikin hanji, ruwa na bin sa. Babban mutum yana iya zubar da kusan lita ɗaya a awa guda. Kin ga abin da idonki: bayan gida fari kamar ruwan wankin shinkafa, ido ya faɗa, murya ta dushe, fatar yatsu ta yamutse, in kin tsunkuli fatar ciki ta tsaya ba ta koma ba, ga murɗawar ƙafa. Tantanin da dafi ya shiga kuwa ba ya dawowa daidai da wuri, galibi sai hanji ya zubar da shi ya yi sabo cikin 'yan kwanaki. Nan za ki ga iyakar antibayotik. Yana rage kwanakin ciwo da yawan gudawar ga wanda abin ya yi wa tsanani, amma ba ya rufe abin da ya riga ya buɗe. Ruwa ne ke riƙe rai. An yi sa'a dafin bai taɓa hanyar da sukari da gishiri ke shiga jiki tare ba, kuma a kan wannan hanyar aka gina ruwan gishiri da sukari, wato ORS, wanda likita Dilip Mahalanabis ya gwada a sansanin 'yan gudun hijirar Bangladesh a 1971 lokacin da ƙarin ruwa ya ƙare.

Saura kashewa, don ƙwayar tana kashe dafin da kanta. Kowace ɗaya tana sakin wasu ƙananan sinadarai a kewayenta, kuma tana jin yawansu. In suna kaɗan, ta san 'yan'uwanta ba su yi yawa ba, sai ta ci gaba da mannewa da zubar da dafi. In sun taru, sai wani furotin mai suna HapR ya tashi, ya rufe hanyar ToxT, ya kunna wani sinadari da ke yanke mannewar. Sai su saki bango su bi ruwan da suka jawo su fita. Ɗakin binciken Bonnie Bassler a jami'ar Princeton ya yi suna a kan wannan ƙidayar kai da bakteriya ke yi. Waɗanda suka fito ɗin kuma ba irin na rijiya ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2002, da bayan gidan marasa lafiya a Bangladesh, ya nuna cewa a sa'o'in farko bayan fitowarsu sun fi saurin kama wani nesa ba kusa ba, daga baya ƙarfin ya ragu.

Ki ɗora wannan a kan gidan da kike magana. Mai yiwuwa na farko daga rijiya ya ɗauka. Amma na biyu, ki tambaya ko ita ce ta yi jinya, ta zubar da fo, ta wanke zannuwa, ta ɗauki butar da ya shiga da ita. Wanda ya taɓa ɗanyen bayan gidan mai kwalara ya gamu da ƙwaya mai yawa kuma a lokacin da ta fi kaifi. Maigida da ya yini a gona ya dawo ya sha na randa, ya gamu da 'yan kaɗan da suka kwana a ruwa. Wankan gawa ma haka yake, shi ya sa ake tsananta ka'ida a kansa lokacin annoba.

Shigella, mai kawo atuni, ta fi sauƙin bayani. Kayan cutarwarta suna kan wani babban zobe na kayan gado da take ɗauke da shi daban. A wajen jiki wani furotin mai suna H-NS yana zaune a kansu ya danne. In ɗumi ya haura digiri 32, sai zaren gadon ya canja lanƙwasa, H-NS ya rasa wurin riƙo, wani furotin mai suna VirF ya fito, shi ya kunna wani mai suna VirB, shi kuma VirB ya kunna sauran. Ana ganin wannan a faranti. In an sa wani jan rini da ake kira Congo red a abincin shukar, wadda aka ajiye a digiri 37 tana fitowa ja, 'yar'uwarta da aka ajiye a digiri 30 tana fitowa fara, kuma farar ba ta iya shiga tantanin jiki. Ki mayar da ita ɗumi, cikin sa'o'i kaɗan ta dawo da halinta. A babban hanji, inda babu oksijin, tana ƙera allurarta ta riƙe. Sai ta zo dab da bango, inda ɗan oksijin ke tsattsafowa daga jini, sannan ta harba. Asid kuwa bai dame ta ba, ƙwaya 10 zuwa 100 sun isa. Shi ya sa atuni ke bin hannu da ƙuda da kwanon da yara ke tarayya, ko da ruwan gidan mai tsabta ne.

Salmonella, dangin bakteriyar da ke kawo gudawa da taifod, ita ce mai wuyar sha'ani. Tana da allura iri biyu. Ta farko ta kutsawa bangon hanji ce. Ta biyu sai bayan fararen ƙwayoyin jini sun haɗiye ta take kunna ta. A can ciki akwai asid, akwai ƙarancin sinadarin magniziyam, akwai wasu ƙananan furotin masu huda fatar bakteriya. Abubuwan da aka tanada don kashe ta, su ne take ji da wasu furotin biyu, PhoP da PhoQ, ta gane inda take, ta rufe allurar farko, ta gyara fatarta, ta zauna ta hayayyafa a cikin wanda ya haɗiye ta.

Akwai kuma abin da masu bincike a Zurich suka gani a ɓeraye suka wallafa a 2008. A cikin hanji, Salmonella masu kayan gado iri ɗaya sak suna rabuwa biyu. Ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne ke kunna allurar kutsawa. Waɗannan girmansu na tafiya a hankali, suna shiga bango, akasarinsu garkuwar jiki ta kashe su. Amma kumburin da suka tayar yana karkashe bakteriyar kirki da ke hanji, kuma, kamar yadda wani bincike ya nuna daga baya, yana samar da wani sinadari mai suna tetirataiyonet, wanda Salmonella ke iya numfashi da shi, yawancin sauran ba sa iyawa. Waɗanda ba su kunna komai ba su ke cin ribar, su cika hanji, su fita su kama wani. Ashe ko a cikin mutum ɗaya ba za a ce ƙwayar mai zafi ce ko marar zafi ba.

Wannan ya kawo mu kan mazauna hanji na asali, kuma nan ina da magana. Bakteriyar kirki, idan suka narkar da dusar hatsi da ganye da wake, suna fitar da wasu ƙananan asid. Biyu daga ciki, butiret da furofiyonet, suna rufe allurar kutsawar Salmonella kai tsaye. An ga irin haka a kwalara ma: wata bakteriya da ke dawowa hanjin masu warkewa a Bangladesh tana sakin sinadarin da ke sa Vibrio ta sassauta. Tun 1954 aka nuna cewa ɓeran da sai ya haɗiyi Salmonella kusan 100,000 kafin ya kamu, in an fara ba shi antibayotik na sitireftomaisin, ƙasa da 10 sun ishe shi. To ki tuna yadda muke yi. Ciki ya ɗan murɗa, a aiki yaro kemis ya sayo Flagyl da kafso ja da rawaya, a sha biyu a bari. Mai yin haka yana korar masu hana ƙwayar cuta kunna kayanta ne da kuɗinsa. A ganina wannan ɗabi'ar ta fi yawancin abin da muke ɗora wa laifi illa, kuma ku da ke zaune da mutane a ƙauye kun fi mu damar rage ta.

Ita ta taifod, Salmonella Typhi, ɓuya ta zaɓa. Da zarar ta bar tsakiyar hanji ta shiga nama, inda gishiri ya ragu, wani furotin mai suna TviA yana kunna wata riga da ke rufe ta, ya kuma rage wutsiyar da garkuwar jiki ke gane ta da ita. Hanji bai yi ƙara ba, ita kuwa ta wuce hanta da saifa da ɓargo. Shi ya sa taifod zazzaɓi ne mai hawa a hankali bayan mako ɗaya ko biyu, wani ma cikinsa ɗaurewa yake yi. Kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na waɗanda suka warke kuma tana zama a matsarmamarsu, suna fitar da ita shekara da shekaru. Gwajin Widal da ake yi wa duk mai zazzaɓi, in na ɗan ratse, martanin jiki yake aunawa ba ƙwayar ba, kuma a wurin da kusan kowa ya taɓa gamuwa da dangin Salmonella, sakamako ɗaya ba hujja ba ne.

Wani misalin daga nahiyarmu yake. Akwai wata Salmonella, ST313, da a kudu da Sahara take shiga jini ta kashe yara masu maleriya ko tamowa da manya masu cutar ƙanjamau, alhali danginta a Turai gudawa kawai suke sawa. Masu bincike a jami'ar Liverpool, da suka duba wadda aka samo daga Malawi, sun nuna a 2018 cewa harafi ɗaya ne ya canja a wurin da ke buɗe wata ƙwayar gado mai suna pgtE. Furotin ɗin bai canja ba, yawan ƙera shi ne ya ƙaru, kuma hakan ya taimaka mata jure wa garkuwar da ke cikin jini.

Ta ƙarshe da zan kawo ta shafe mu saboda muna ƙasar kiwo, ga kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa a kusa da ku. E. coli O157 tana zama a hanjin shanu ba tare da ta dame su ba, ta iso mutum ta ɗanyar madara da naman da bai dahu ba da ruwan da kashin shanu ya shiga. Tana da wani furotin, QseC, da ke jin sinadarin adirenalin na jikin mutum, kuma yana cikin abin da ke kunna mata kayan mannewa. Dafinta, wanda ke lalata ƙoda musamman ga yara, shi ma bairos ne ya kawo shi, yana kwance a cikin kayan gadonta. Abin da ke tada shi shi ne a ji wa zaren gadon ƙwayar rauni. Sai bairos ɗin ya fara kwafar kansa don ya tsere, dafin ya ƙaru tare da shi, ƙwayar ta fashe ta zubar. Magunguna irin su sifirofuloksasin kuwa ta raunata zaren gado suke aiki. Don haka a ƙasashen da wannan ƙwayar ta fi yawa likitoci ke guje wa ba da su in ana zatonta. Kada ki ɗauki wannan a matsayin ki bar ka'idar aikinki. A wurinmu gudawa mai jini ga yaro galibi Shigella ce, kuma sifirofuloksasin ne aka tsara mata, ki bi hakan. Abin da nake so ki riƙe shi ne, yaron da ya yi gudawar jini ba zazzaɓi sosai, bayan kamar mako guda fitsarinsa ya ragu, ya yi fari fat, fuska ta kumbura, wannan ba na sha-ka-tafi ba ne, ki tura shi babban asibiti a ranar.

Za ki iya cewa, tunda an san makunnan, me ya hana a yi maganin da zai rufe su? An gwada. A 2005 aka ba da rahoton wani sinadari, virstatin, da ke hana ToxT aiki, kuma ya kare jariran ɓeraye daga kamuwa. An samu wani da ke toshe QseC. Dabarar tana da kyau a tunani, don ba ta taɓa bakteriyar kirki. Amma a kwalara, kafin a kawo miki mutum dafin ya riga ya shiga, kuma an samu wasu nau'o'in Vibrio da virstatin bai kama su ba. Har yanzu waɗannan abubuwa a ɗakin bincike suke. Duk wanda ya zo miki da wani gari ko ruwa yana cewa yana "kashe dafin" kwalara, ciniki yake yi.

Game da gidan nan, maigida ba ya buƙatar kwanciya, kuma ba a raba wa unguwa antibayotik don rigakafi, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da hakan ba. Amma ki gaya masa, da ladabin da ya dace da maigida, cewa kwanaki goma masu zuwa abin da ke fita daga cikinsa na iya kwantar da wani: masai kawai, ba bayan gona ba, sabulu bayan buta, kuma kada ya sa hannu a randa. A bar moɗa ɗaya mai mariƙi a rataye, a daina ajiye guga a ƙasa. Ruwan sha a tafasa, ko a sa WaterGuard ko Aquatabs bisa awon da ke jikin kwali, a jira minti 30. Rijiyar a duba ko ruwan sama na gangarowa cikinta daga wajen masai, don a watan Agusta nan ne yawanci matsalar take. Duk wanda ya fara gudawa a gidan a fara ba shi ORS tun kafin a nemo babur. In babu na leda, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yara a haɗa musu da zink na kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 a rana, 10 ga wanda bai kai wata shida ba. Ki sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarku tun a mutum na farko, kuma in za ki ɗauki samfur, ki ɗauka kafin a ba da antibayotik, ki sa a Cary-Blair, abin da ake adana samfurin bayan gida a ciki, in kuna da shi, a kai lab ba tare da an daskarar da shi ba.